Kashi 30 kafin 2030: Me killace daji ke amfana wa namun dawa, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa?

A watan Disambar 2022 wakilan ƙasashe kusan 200 suka tashi daga taro a birnin Montreal na Kanada da yarjejeniya mai ƙudurori 23 kan ceto halittun duniya daga ƙarewa. Ƙuduri na uku ne ya fi jan hankali. Ya ce zuwa shekarar 2030 a sanya kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da koguna da tafkuna, da kashi 30 na teku, a ƙarƙashin kariya. Tun daga lokacin gwamnatoci ke sanar da sabbin gandun daji ko faɗaɗa tsofaffi, mutanen da ke zaune a bakin dazuzzuka kuma suna tambayar ko nufin shi ne a ƙwace kusan sulusin ƙasa a bar wa dabbobi.

Ruɗani na farko da ya kamata a kawar shi ne cewa adadin na duniya ne baki ɗaya. Yarjejeniyar ba ta wajabta wa kowace ƙasa ta killace kashi 30 na filinta ba. Kowace gwamnati ce ke tsara nata gwargwado. Na biyu, ba daga sifiri aka faro ba. A 2010, a birnin Nagoya na Japan, an sa burin kashi 17 na tudu da kashi 10 na teku zuwa 2020. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, suka fitar a 2024 ya nuna an kai kashi 17.6 a tudu da kashi 8.4 a teku. Ke nan sauran tafiya mai nisa cikin 'yan shekaru.

Me ake nufi da wuri mai kariya?

A ma'aunin IUCN, wadda ita ce madogarar yawancin ƙasashe, wuri mai kariya yanki ne da aka shata wa iyaka, doka ko wata ingantacciyar hanya ta amince da shi, kuma ake kula da shi domin adana halittu na dogon lokaci. Sai dai wuraren ba iri ɗaya ba ne. An kasa su aji shida. A aji mafi tsanani ba mai shiga sai masu bincike. Akwai manyan gandun daji na ƙasa, inda ake barin 'yan yawon buɗe ido amma aka hana farauta da noma da sara. Akwai wuraren da aka keɓe don wani nau'in dabba ko tsuntsu guda. A aji na biyar da na shida kuwa mutane na zaune a ciki ko suna cin moriyar wurin, suna kiwo, suna tsintar 'ya'yan itace, suna cire zuma, bisa ƙa'idar kada a cinye tushen. Yawancin gandun daji na ƙasa a Ingila akwai garuruwa da gonaki a cikinsu.

A 2018 aka ƙara wani rukuni: wuraren da ba don dabbobi aka keɓe su ba, amma a aikace suke adana su. Kurmin da wata al'umma ke girmamawa ba ta sara, dajin da ke kare maɓuɓɓugar ruwan wani birni, makiyayar da ake kiwo a cikinta da tsari, duk ana iya lissafa su cikin kashi 30 ɗin idan sun cika sharuɗɗa.

Dole kuma a bambance gandun katako da gandun namun daji. Da yawa daga gandayen da Turawan mulkin mallaka suka shata a Afirka da Asiya domin katako aka yi su, wato a tsara yadda za a riƙa sara ba tare da dajin ya ƙare ba. Ko ma'anar daji kanta tana da sarƙaƙiya. A lissafin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, filin da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da suka haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 na wurin, daji ne. Da wannan ma'auni gonar itacen turare da aka jera layi-layi tana shiga lissafi daidai da kurmin da ya shekara dubbai. A takarda dukansu daji ne, amma biri ko tsuntsun da ke neman 'ya'yan itace iri-iri da kogon tsohon icce ba zai rayu a gonar turare ba. Ƙasa na iya nuna cewa dajinta ya ƙaru alhali namun dajinta na raguwa.

Abin da dabba ke nema a daji

Mazaunin dabba ya haɗa abincinta, da ruwanta, da mafakarta, da inda take haihuwa, da hanyar da take bi tsakanin waɗannan. Abubuwan ba safai suke taruwa a wuri guda ba duk shekara. A Serengeti ta Tanzaniya, dabbobi masu cin ciyawa fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa, suna haihuwa a filayen kudu lokacin damina, sannan su nausa arewa zuwa kogin Mara a Kenya idan rani ya yi. A kare kudun a bar arewar, ko a datse tsakiyar da shinge, garken ya rushe. Garken giwaye kan yi yawo a ɗaruruwan murabba'in kilomita, wani lokaci dubbai. Zaki ɗaya na buƙatar ɗimbin ɓauna da gwanki da barewa kafin ya rayu, su kuma suna buƙatar ciyawa mai faɗi.

Shi ya sa masana suka fi tsoron dagargajewar daji fiye da yadda jama'a ke zato. A 2020 FAO ta ƙiyasta cewa daji ya rufe kimanin kashi 31 na doron ƙasa, hekta biliyan 4 da 'yan kai, kuma tsakanin 2015 da 2020 ana share kimanin hekta miliyan 10 a shekara, kusan kashi 90 na sharewar domin noma da kiwo. Amma abin da ya rage ɗin ma ba a dunƙule yake ba. Wani nazari na 2015 ya gano cewa kashi 70 na sauran dazuzzukan duniya ba su wuce kilomita ɗaya daga bakin daji ba, wato daga gona ko hanya ko gari.

Illar wannan an auna ta kai tsaye. Tun 1979, kusa da birnin Manaus na Brazil, masanin nan Thomas Lovejoy da abokan aikinsa suka shirya da masu share kurmi don kiwon shanu a bar guntaye masu girman hekta 1, hekta 10 da hekta 100, aka ƙirga abin da ke ciki kafin sharewa da bayanta. Guntayen da suka kai hekta 100 sun rasa rabin nau'o'in tsuntsayen da ke zama ƙarƙashin inuwar kurmi cikin ƙasa da shekara 15, ba tare da an harbi ko ɗaya ba. Iska mai zafi da rana suna kutsawa daga gefe, manyan itatuwan bakin dajin su bushe su faɗi, danshin da ƙwari da kwaɗi ke rayuwa a cikinsa ya tafi. Wasu tsuntsayen kurmi ba sa iya ƙetare buɗaɗɗen fili ko da ba mai faɗi sosai ba ne, don haka idan na cikin guntun suka mutu babu masu maye gurbinsu. Ƙaramin garke da ya keɓe kuma yana barbara tsakanin dangi na kusa, 'ya'yan su zo da rauni, annoba guda ko fari guda ya share su.

Maganin da ake ta magana a kai shi ne hanyoyin haɗi tsakanin gandaye. Kamar yadda burtali ke sada makiyaya da mashaya ta tsakanin gonaki, haka ake barin zirin daji tsakanin gandu da gandu. A gandun Banff na Kanada an gina gadoji masu ciyawa da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a kan babbar hanyar mota, aka kuma yi shinge, haɗarin mota da namun daji ya ragu da fiye da kashi 80. Gandun da ke bakin birnin Nairobi, wanda bai wuce murabba'in kilomita 117 ba, an bar kudancinsa a buɗe don dabbobi su fita su dawo, amma gidaje da shingaye na ta cinye hanyar. Rahoton 2024 ya ce kusan kashi 8.5 kacal na doron ƙasa ne ke da kariya kuma yake haɗe da wani wurin mai kariya.

Akwai kuma dajin da itatuwansa ke tsaye amma ba kowa a ciki. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna shi kore shar, alhali tarko da bindiga sun kwashe birai da gada da manyan tsuntsaye. Dajin kansa daga baya yake biyo su, domin itatuwa da yawa sai dabba ta ci 'ya'yansu ta kai irin nesa suke tsira. Giwar kurmi ta tsakiyar Afirka tana cikin manyan masu wannan aiki, kuma a 2021 IUCN ta ce yawanta ya ragu da fiye da kashi 86 cikin shekara 31.

Asalin tsarin da tabon da ya bari

Keɓe daji tsohon abu ne. Sarakuna a nahiyoyi da dama sun keɓe wuraren farautarsu, al'ummomi kuma sun haramta wa kansu sara a wasu kurame. Amma tsarin gwamnati na zamani ya faro ne da Yellowstone a Amurka a 1872. An gina shi kan tunanin cewa daji na ainihi shi ne wanda babu mutum a ciki. 'Yan asalin yankin, irin su Shoshone, da suka daɗe suna farauta a wurin, aka fitar da su, kuma daga 1886 sojoji ne suka riƙe gandun har fiye da shekara 30.

Wannan salo ne mulkin mallaka ya kai Afirka da Asiya. A 1925 Beljiyam ta kafa gandun da yanzu ake kira Virunga a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu, na farko a Afirka. A 1959 aka kwashe Masai daga Serengeti zuwa Ngorongoro da alƙawarin za su zauna can da shanunsu. Samun 'yancin kai bai sauya salon ba. An fitar da 'yan Batwa daga Kahuzi-Biega a Kwango cikin shekarun 1970, daga Bwindi da Mgahinga a Yuganda a farkon shekarun 1990, yawancinsu ba tare da filin da za su koma ba. Mafaraucin da kakanninsa suka rayu da dajin ya wayi gari doka na kiransa ɓarawo.

Kotuna sun fara duba lamarin. A 2017 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Arusha ta yanke cewa Kenya ta tauye haƙƙin 'yan Ogiek da ta kora daga dajin Mau, ta kuma ce gwamnati ba ta kawo hujjar cewa su ne suka lalata dajin ba. A 2022 ta umarci a biya su diyya a ba su takardun mallakar ƙasarsu. A shekarar ce kuma aka yi artabu a Loliondo ta Tanzaniya yayin shata iyakar wani wurin namun daji a makiyayar Masai. Duk wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa jin "kashi 30" ke tayar da hankalin mazauna bakin daji.

Shin killacewar tana aiki?

Inda aka yi ta da gaske, alƙaluma sun nuna tana aiki. Goggon birin tsaunuka na Ruwanda, Yuganda da Kwango, da aka yi zaton zai ƙare, ya haura 1,000 a ƙidayar 2018, kuma babu inda yake rayuwa sai cikin gandaye masu gadi. Indiya ta ƙaddamar da shirin ceto damisarta mai zane a 1973. Ƙidayar 2006 ta nuna 1,411, ta 2022 kuma ta ƙiyasta 3,682. A Zakouma ta Chadi masu neman haure sun rage giwaye daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010. Bayan gwamnati ta miƙa kula da wurin ga ƙungiyar African Parks a shekarar, kisan ya ragu ƙwarai, giwayen suka koma haihuwa, suka haura 600. Gorongosa ta Mozambik ta rasa fiye da kashi 90 na manyan dabbobinta a yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, yanzu kuma ta farfaɗo. Wani bita da aka wallafa a 2024, wanda ya tattara nazari 186, ya gano cewa a biyu cikin uku na lokutan da aka ɗauki matakin kariya, halittu sun ƙaru ko kuma raguwarsu ta yi sauƙi.

Amma shata iyaka a taswira ba ya gadin komai. A farkon 2005 aka tabbatar babu damisa mai zane ko ɗaya a Sariska ta Indiya, wurin da aka keɓe musamman dominta, kuma rahotannin hukuma na nuna tana nan har gab da lokacin. Wani nazari na 2018 ya gano cewa sulusin filayen da ke da kariya a duniya suna fuskantar matsin lamba mai tsanani daga hanyoyi da gonaki da gine-gine. A shekarar ne wasu masana suka duba gandaye 282 masu zakoki a Afirka, suka ga kusan kashi 90 ba su da isasshen kuɗi: suna samun kimanin dala miliyan 381 a shekara, alhali suna buƙatar fiye da biliyan ɗaya. Malamin daji da ba shi da mota, ba takalmi, albashinsa na makara, ba zai tare mafarauta masu manyan bindigogi ba.

Dajin da hukuma ta fitar da mazauna sannan ta kasa gadinsa kan zama mafakar wasu. Sambisa wurin namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram. Gandayen W, Arly da Pendjari da ke kan iyakar Nijar, Burkina Faso da Benin, inda mafi yawan zakokin Afirka ta Yamma da suka rage suke, waɗanda binciken 2014 ya ƙiyasta da kimanin 400 a duk yankin, yanzu 'yan bindiga na kai-komo a cikinsu. A Virunga an kashe masu gadi fiye da 200.

Akwai kuma batun inda ake zaɓa. Ya fi sauƙi gwamnati ta killace hamada ko tsauni ko ƙanƙara, inda ba mai noma ba mai ma'adinai, ta cika adadi. Gandun ƙasa mafi girma a duniya yana arewa maso gabashin Girinlan, murabba'in kilomita 972,000, galibinsa ƙanƙara. Fadamu da kuramen ƙasa mai albarka, inda halittu suka fi yawa, nan ne mutane ma suka fi so. Rahoton 2024 ya ce kusan sulusin wuraren da masana suka tantance a matsayin mafi muhimmanci ga halittu ba su da wata kariya sam. Kariyar kuma ana iya janye ta: ana haƙar mai a cikin gandun Murchison na Yuganda, an gina babbar madatsar ruwa a yankin Selous na Tanzaniya. A Ekwado kuwa, a ƙuri'ar raba gardama ta Agustan 2023, kusan kashi 59 na masu zaɓe suka ce a daina haƙar mai a wani sashe na gandun Yasuni.

Inda ake jayayya

Masu goyon bayan kariya mai tsanani suna cewa akwai dabbobin da ba sa jure zama da mutum, kamar karkanda da goggon biri, kuma duk inda aka sassauta, ƙahon karkanda da hauren giwa na da kasuwar da za ta rinjayi duk wata al'ada. Suna nuni da ƙiyasin 2019 na kwamitin masana na duniya cewa nau'o'in halittu kimanin miliyan ɗaya na fuskantar ƙarewa. Wasunsu, bin ra'ayin masanin nan E. O. Wilson, suna ganin kashi 30 ma bai isa ba, rabin duniya ya kamata a bari.

Masu kare haƙƙin 'yan asalin wuri suna amsawa da cewa talakan bakin daji ba shi ne babban mai share daji ba. Manyan gonakin waken suya da kwakwar manja da kiwon shanu na kasuwanci da haƙar ma'adinai ne, amma shi ake kora saboda shi ne mara ƙarfi. Hujjarsu mai nauyi ce: aƙalla rubu'in doron ƙasa yana hannun al'ummomin asali, kuma a Amazon ta Brazil hotunan tauraron ɗan'adam na nuna yankunan da doka ta mallaka musu suna tsaye kore yayin da aka share kewayensu.

Tsakanin waɗannan akwai tsarin da ke ba al'umma iko da riba. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta bai wa ƙauyuka damar kafa hukumomin kula da namun dajinsu su ci kuɗin yawon buɗe ido da farauta mai lasisi. Yanzu akwai 86, sun rufe kusan kashi 20 na ƙasar. Nepal ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin ƙauye fiye da 22,000, dajinta ya tashi daga kimanin kashi 26 a 1992 zuwa kashi 45 a 2016. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, da suka rage 49 a 1996, sun haura 600 a yankin Kure na Nijar, kuma a tsakanin gonaki da ƙauyuka suka yi wannan ƙaruwa. Tsarin na da rauninsa: shugabanni kan cinye rabon, riba kan yi kaɗan idan aka raba wa dubban gidaje, kuma inda babu dabbobin da baƙi ke biyan kuɗi su gani, babu abin rabawa.

Farautar masu kuɗi ta fi komai raba kai. Kenya ta haramta ta tun 1977, ta dogara ga masu zuwa kallo. Botswana, mai giwaye kimanin 130,000, ta haramta a 2014 ta dawo da ita a 2019, tana cewa manoma sun gaji da ɓarna kuma ƙauyuka sun rasa kuɗin shiga. Masu adawa na cewa ana kashe manyan maza mafiya ƙarfi, kuma abin da ke isa ƙauye kaɗan ne. Masu goyon baya na cewa filayen da ba su da kyan da zai jawo masu kallo za su koma gonaki idan aka cire wannan kuɗi. Kowane ɓangare na da misalan da ke goya masa baya, kuma sakamakon ya fi dogara ga yadda ake ƙayyade adadi da rabon kuɗi a kowace ƙasa.

Rubutun ƙuduri na uku ya yi ƙoƙarin haɗa ra'ayoyin. Ya ce wuraren su kasance a haɗe da juna, a kula da su yadda ya kamata, a tafiyar da su bisa adalci, a kuma mutunta haƙƙin 'yan asali da al'ummomin yankin a kan ƙasashensu. Sai dai babu kotun da ke hukunta ƙasar da ta saɓa, kuma faɗin fili ya fi adalci sauƙin aunawa.

Abin da zai shafi talaka

Amfanin gandun daji yakan watsu ga mutane da yawa, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Daji na riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali, ya rage ambaliya da zaizayar ƙasa, ya hana laka cike madatsun ruwa. Binciken Bankin Duniya da ƙungiyar kare namun daji ta WWF na 2003 ya gano cewa 33 daga cikin manyan biranen duniya 105 na samun kaso mai yawa na ruwan shansu daga wurare masu kariya. Birnin New York ya zaɓi kashe kuɗi wajen kare dazuzzukan tsaunukan Catskill maimakon gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Ƙudan zuma da jemagu da tsuntsayen da ke kwana a daji suna barbarar amfanin gona, suna cin ƙwarin da ke ɓata shi.

Asarar kuwa a kan mutane ƙalilan take sauka. Makiyayi ya rasa mashayar rani. Matar da ke ɗebo itacen girki da ganyen magani ta koma tafiya mai nisa ko ta riƙa biyan tara. Giwa na iya cinye noman shekara cikin dare ɗaya, kuma a Indiya giwaye na kashe mutane kimanin 500 a shekara. Nasarar kariya kanta na ƙara wannan rikici, domin dabbobin da suka yawaita sai sun fito. Diyya, a inda ake biyanta, takan makara ko ta gaza abin da aka rasa. Akwai dabarun da suka rage ɓarna, kamar jera amya a kan waya kewaye da gona a Kenya, tun da giwa na gudun zuma, da ƙarfafa shingen garke da dare saboda zaki da kura. Ruwanda na ware kashi 10 na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan kewaye. Kosta Rika tun 1997 take biyan masu filaye kuɗi don su bar dajinsu a tsaye, kuma daji ya koma rufe fiye da rabin ƙasar.

Saboda haka idan aka sanar da sabon gandu, tambayoyin da ke bayyana makomar mazauna su ne: wane aji aka sa shi, an tuntuɓe su kafin shata iyaka ko bayanta, an rubuta haƙƙin kiwo da tsinta da ratsawa a cikin dokar, wa ke zama a kwamitin gudanarwa, kuma ina mutum zai kai ƙara idan mai gadi ya zalunce shi. Wanda ke da takardar mallaka, ko ta ɗaiɗai ko ta al'umma, ya fi wanda ya dogara ga gadon baka samun diyya.

Kuɗin da aka yi alƙawari

Yarjejeniyar Montreal ta amince cewa akwai giɓin kimanin dala biliyan 700 a shekara tsakanin abin da ake kashewa da abin da ake buƙata. Ta nemi a tara dala biliyan 200 a shekara daga kowace kafa zuwa 2030, ƙasashe masu arziki su bai wa masu tasowa aƙalla biliyan 20 a shekara zuwa 2025 da biliyan 30 zuwa 2030, a kuma rage tallafin da gwamnatoci ke bai wa ayyukan da ke lalata muhalli da biliyan 500 a shekara. Amurka ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992 kan kare halittu, wadda ta Montreal ta fito daga cikinta.

Ƙasashen da suka fi yawan halittu, kamar Kwango da Brazil da Indunisiya, suna cewa waɗanda suka share dazuzzukansu tun da daɗewa suka yi arziki ne ke neman wasu su bar nasu, don haka su biya. Masu bayarwa na neman tabbacin inda kuɗin ke tafiya. Wannan saɓani ya sa taron birnin Cali na Kolombiya a 2024 ya watse ba a cimma matsaya kan kuɗi ba, sai da aka sake zama a Rum a Fabrairun 2025. Dogaro ga 'yan yawon buɗe ido ma ya nuna iyakarsa a 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, gandaye da dama suka rage sintiri suka sallami ma'aikata. An tsara cewa a taron Yerevan na Armeniya a 2026 za a yi bitar farko ta abin da ƙasashe suka aiwatar, bisa rahotannin da kowace gwamnati ta rubuta game da kanta.